Ba Taurin Kai Ya Hana Ni Zuwa Asibiti Ba

Na bar aikin koyarwa da sauran ƙarfina. Ban san wani ciwo ba in ban da zazzaɓin da ke kama kowa, sai hawan jini da aka gano mini a wani awo da aka yi wa ma'aikata gab da zan yi ritaya. Likita ya ce daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini, nawa kuwa ya zarce haka. Aka rubuta mini magani, aka sa mini ranar dawowa asibitin gwamnati, na riƙe abin da hannu biyu. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kiran sunan yara a rajista ba ya wasa da ranar da aka sa masa. Na fara da wannan ne domin a sani cewa tsohon da daga baya 'ya'yansa suka riƙa cewa "Baba ba ya son asibiti" ya taɓa zama wanda ke riga ma'aikata isa bakin ƙofa.

Gwiwa ce ta fara. Daga baya kunne ya yi nauyi, sannan ido ya soma ganin hazo-hazo. Babu ɗayansu da ya kwantar da ni, amma da suka haɗu sai zuwa asibiti ya zama aikin mutum biyu. Maiɗakina, Allah Ya jiƙanta, ita ce ta ɗauki rabin aikin. Ita ke jin sunana idan an kira, ita ke riƙe mini wuri a layi, ita ke tuna abin da likita ya faɗa ta maimaita mini a hanya da ƙarfi. Takan ce, "Malam, kai ka ji da ƙafarka, ni zan ji da su."

Mai ƙuruciya in ya ce zai je ganin likita, abu ɗaya yake nufi. Ga tsoho kuwa layuka ne bayan layuka. Akwai layin kati, inda ake neman fayil ɗinka, wani lokaci a same shi, wani lokaci a ce ka jira. Akwai layin awo, layin likita, layin biyan kuɗi, ɗakin gwaji, sannan wurin karɓar magani. Kowanne a gini daban, wasu a saman bene, benen kuma babu abin dafawa. Bencin jira ba shi da majingina, kuma in ka tashi wani ya zauna. Ganin likitan kansa bai kai tsawon lokacin da nake ɗauka ina hawa matakala ba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin, kuma yanzu na san ba ni kaɗai ba ne. Cikin magungunan hawan jinin da nake sha akwai mai sa yawan fitsari. Aikinsa ke nan, yana fitar da gishiri da ruwa daga jiki don jinin ya sauka. In na sha shi da safe, kafin hantsi sai na zaga banɗaki a kai a kai. To banɗakin asibitin yana can ƙarshen wani dogon baranda, na tsugunawa ne, ni kuma gwiwata ba ta tsugunuwa, in ma ta tsugunu ba ta miƙewa sai da taimako. Ga shi in ka bar layi ka rasa wurinka. Sai na samo dabara: ranar asibiti ba na shan maganin, kuma ba na shan ruwa. In isa a gajiye, da ƙishi, bayan na hau bene, a ɗaura mini abin awo a hannu ban ko huta ba. Dole jini ya nuna sama. Likita ya duba lamba, ya girgiza kai, ya ƙara mini magani. In koma gida in riƙa sha cikakke kullum, sai jinin ya sauka fiye da kima, in na miƙe tsaye jiri ya ɗebe ni. Wata safiya na faɗi a bakin gado, Allah Ya kiyaye ban karye ba. Likitan bai yi ganganci ba, lambar da ya gani ya yi wa magani. Babu dai wanda ya tambaye ni ko na sha maganina a ranar, ni kuma ba zan iya buɗe baki a gaban ɗaki cike da mutane, da yara sa'annin jikokina, in yi zancen fitsari ba.

A 2020 annobar korona ta zo, kowa ya sa takunkumi. A lokacin ne na gane ashe da ido nake jin rabin maganar mutane. Ina kallon leɓe ne in cike abin da kunne ya zubar. Da aka rufe baki da ƙyalle, likita ya koma mini mai gunaguni daga nesa. Sai in riƙa gyaɗa kai ina cewa "to, to" don kada a ce na cika tambaya. Ba a daɗe ba kuma Allah Ya karɓi maiɗakina.

Ba zan tsaya a kan rasuwarta ba, wannan labari ne daban. Abin da ya shafi nan shi ne zuwana na farko ni kaɗai. Na isa da sassafe, na ba da kati, na sami gefen benci na zauna ina fuskantar ƙofar da ake kira. Mutane suna shiga suna fita. Waɗanda suka zo bayana suka gama suka tafi. Da rana ta take na lallaba wurin mai kiran suna, na ce, "Yarona, ko an manta da ni ne?" Ya duba takarda ya ce, "Haba Baba, ai tun ɗazu muke ta kiranka. Likita ya tashi. Sai dai a ba ka wata ranar." Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Amma na fito ina jin kamar yaron da aka kora daga aji. Ni da na koyar da ɗaruruwan yara karatu, yau sunana ma ya gagare ni ji.

Daga nan 'yata ta ɗauki nauyin raka ni. Tana da aiki, tana da ƙananan yara, kuma a wurin aikinta ranar da ba ka zo ba ana lissafa ta. Ba ta taɓa nuna mini gajiya ba. Amma tun da ta fara shiga ɗakin likita tare da ni sai wani sabon abu ya ɓullo: an daina yi mini magana. Likita zai dube ta ya ce, "Me ke damunsa? Yana shan maganinsa? Yana barci?" Ina zaune a wurin, hankalina garau. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce idona yana hazo, kunnena ya yi nauyi, gwiwa ta hana ni sakat. Aka yi murmushi aka ce, "Baba, ai tsufa ne. Sai haƙuri." Aka rubuta maganin hawan jini kamar kullum, aka kira na gaba.

Wannan kalma ta "tsufa ne" ta fi layi da bene illa, domin ita a zuciya take zama. In likita ya faɗa maka ita, sai ka ɗauke ta ka kai gida, ka riƙa faɗa wa kanka. Kowane sabon ciwo ya zo, ka ce tsufa ne, me za a yi masa? Daga baya na ga rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 kan wariyar da ake nuna wa mutane saboda shekarunsu, inda ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana da irin wannan kallon ga tsofaffi. Ban yi mamakin adadin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rahoton ya lissafa har da wariyar da tsoho ke yi wa kansa, kuma wannan na san ta ciki da bai.

Ga kuma kuɗi. Zazzaɓi ana jinyarsa a gama, hawan jini kuwa abokin zama ne har ƙarshen rai, kowane wata da nasa kashin. Fansho yakan makara, magani ba ya jira. Inshorar da nake da ita ta tafi tare da aiki. Sau da yawa in an je wurin karɓar magani sai a ce babu, a saya a waje. Ka haɗa kuɗin mota na mutum biyu, da na kati, da na gwaji, da ranar aikin 'yata da ta salwanta, sai ka ga an kashe abin da ya fi kuɗin maganin kansa don a karɓo takardar da ke ɗauke da sunan maganin da ka riga ka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum biliyan 1 sun kashe sama da kashi 10 cikin 100 na abin da gidansu ke kashewa a kan jinya daga aljihunsu. Gidan da ke da tsoho mai ciwon da ba ya warkewa ba ya buƙatar a karanta masa wannan.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne wani dare da na ji 'yata tana waya a tsakar gida. Duk da nauyin kunnena na ji, domin ta ɗaga murya tana roƙo. Shugabanta take bai wa haƙuri, tana cewa wannan karon kawai, mahaifinta ne, ba shi da mai kai shi. Na ji yadda muryarta ta ƙanƙance. Wannan yarinya ni na goya ta a kafaɗa, ni na koya mata kada ta durƙusa wa kowa a kan haƙƙinta, yau ga ta tana durƙusawa saboda ni. Na kwanta na kasa barci. Na yi lissafi irin na malamin makaranta: a gefe ɗaya aikinta da abincin yaranta, a ɗaya gefen tsoho da an riga an faɗa masa cewa ciwonsa tsufa ne. Da gari ya waye na ce mata, "Ki tafi aikinki, na sami sauƙi. An ce ba sai na riƙa zuwa kullum ba." Ta yi jim, ta dube ni, ta tafi. Ina jin ita ma ta so ta yarda.

Haka na koma mutumin kemis. In kai tsohuwar takarda a ba ni magani, in kuɗi ya yi ƙasa in raba ƙwaya biyu ko in tsallake rana. Don gwiwa kuma nake sayen maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, ina sha kusan kullum. Ba wanda ya faɗa mini cewa irin waɗannan suna iya ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganinsa, kuma suna taɓa ƙoda da ciki in aka daɗe ana sha. Hawan jini kuma ba ya sallama. Ba ciwon kai, ba komai, ina jin kaina lafiya lau. 'Ya'yana maza in sun kira waya sai su ce, "Baba, kai dai taurin kai gare ka." In yi dariya in bar zancen. Ya fi mini sauƙi a kira ni mai taurin kai da in ce na zama kaya.

Wata safiya ina riƙe da kofi sai na ga ya suɓuce, hannun dama ya ƙi bin umarnina. Na buɗe baki zan kira jikana, maganar ta fito a cakuɗe. Yaron ya shigo, ya dube ni ya ce, "Kaka, bakinka ya karkace." Kafin a nemo mota abin ya fara sakina, kafin a isa asibiti magana ta dawo, hannu ya dawo. Na ce mu koma gida, ai ya wuce. 'Yata ta ce, "Wallahi Baba yau ko za ka yi fushi da ni sai an duba ka." Ban taɓa jin ta rantse a gabana ba sai ranar.

Likitan da ya gan ni ya ce abin da ya same ni gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki. Jini ya ɗan toshe a wata jijiyar ƙwaƙwalwa sannan ya wuce, kuma kwanakin farko bayan irin wannan su ne mafi haɗari, domin babban yana iya biyo baya. Ya ce da toshewar ta tsaya, maganin da ke narkar da gudan jini yana da iyakar lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga fara alamu, shi ya sa ba a zaman jiran gani in baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe. Aka kwantar da ni.

A kan wannan gadon na haɗu da nas ɗin da ta sauya mini lissafi. Ba ta yi wani abin al'ajabi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskata, inda haske ke kan bakinta, ta yi magana a hankali ba tare da ihu ba. Ta ce wa 'yata ta ɗan ba mu wuri. Sannan ta ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa mini yadda kake shan maganinka, ba yadda aka rubuta ba." Na faɗa mata komai, har zancen banɗaki. Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka kawo duk magungunan da ke ɗakina cikin leda, ta zube su a kan gado, ta ware na ciwon jiki gefe guda. Ta sa na tashi daga kujera in zauna sau biyar ba tare da dafawa ba tana duba agogo. Ta koma bayana ta yi raɗa ta ce in maimaita. Ta faɗa mini kalmomi uku, bayan an jima ta ce in tuno su. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko na rame, ko ina jin daɗin abubuwan da na saba jin daɗinsu tun bayan rasuwar maiɗakina. A wannan tambayar ta ƙarshe ne na yi kuka, karon farko a gaban wani.

Sakamakon wannan ɗan zaman ya ba ni haushi da daɗi a lokaci guda. Aka leƙa kunnena, ashe wani kaso na rashin jin dauɗa ce ta toshe shi. Aka wanke, ji ya ƙaru, ko da yake sauran na shekaru ne, sai da na'urar taimaka wa ji. Aka tura ni wurin masu ido, suka ce yanar ido ce, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma aikinta ba ya ɗaukar lokaci. Ina farke aka yi mini, an kashe wurin ne kawai, aka cire abin da ya dushe aka sa na roba. Da aka buɗe bandejin na ga fuskar jikana da ƙananan tabon da ban san yana da su ba. Shekarun da na yi ina lalube, ana ce mini tsufa ne, ashe abu ne da ake gamawa kafin a gama zaman layin kati.

Da ido ya dawo, karatu ya dawo. A nan na gano cewa tambayoyin nas ɗin ba daga kanta ta ƙirƙiro su ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan duba tsoho gaba ɗayansa: tafiyarsa, cinsa, ganinsa, jinsa, tunaninsa da halin zuciyarsa. Tashi daga kujerar nan ma yana cikin littafin aikin da hukumar ta fitar daga baya, ana so mutum ya yi biyar ɗin cikin daƙiƙa 14. Na kuma ga cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya, kuma masu shekara 60 zuwa sama, da suka kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, su haura biliyan 2 a 2050. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce 60 suna da raunin ji mai hana su harka. Duk da haka har gobe da baki ake kiran suna a cikin hayaniya, kuma wanda bai amsa ba shi ke da laifi. Yanzu ma an fara cewa a nemi ranar ganin likita ta waya, da ƙananan rubutun da ko mai ido biyu sai ya ƙanƙance su. Takardun manyan hukumomi suna da kyau, amma ni a hannun mace ɗaya da ta jawo kujera na ga amfaninsu, kuma ba kullum take bakin aiki ba.

Yau na haura 70. Na koma asibiti, amma ba don wurin ya gyaru ba. Benen yana nan, banɗakin yana nan, maganin yakan yanke. Abin da ya sauya ƙanana ne. An canja mini lokacin shan mai sa fitsarin a ranar da zan fita, kuma in an zo awo ina neman a bar ni in zauna in huta tukuna. An rubuta a bangon fayil ɗina da babban baƙi cewa ba na ji sosai, ni ma ina faɗa wa mai kiran suna tun da safe, in nuna masa inda nake zaune. Ina zuwa da ledar magungunana duka. In likita ya juya ga 'yata, nakan ce, "Likita, ni ne mara lafiyar, tambaye ni." Yawanci sukan yi dariya su juyo. An haɗa mini ranar ido da ta hawan jini wuri ɗaya, 'ya'yana kuma suka raba rakiyar a tsakaninsu bayan na zaunar da su na faɗa musu abin da na ji a daren nan. Babban ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, da ka faɗa." Na ce masa da an tambaya.

Na'urar jin har yanzu ban samu ba, ta fi ƙarfin fanshona. Ɗaya idon ma yana jiran aiki, an sa ni a jerin masu jira, kuma ranar da aka ba ni ta ci karo da jarrabawar yaran 'yata, don haka muna neman a matsar da ita. Ina da wani aboki, sa'ana, da ƙafarsa ta kumbura, yana ta cewa tsufa ne. 'Ya'yansa sun zo suna roƙona in yi masa faɗa ya bar taurin kai. Na ce su fara tambayarsa wa zai kai shi, da me za a biya, da kuma abin da aka faɗa masa zuwansa na ƙarshe. Ƙaramar 'yarsa ta ce za ta tambaye shi in sun kaɗaita. Ni kuma na ce in ranar tasa ta dace da tawa, mu tafi tare, ko ba komai na san inda bencin da ke kusa da ƙofa yake.